Yaushe Ake Sa wa Tarakta Kat-Kat, Yaushe Ake Cire Ta?

Filin tambaya da amsa kan injinan noma

Tun da hadari ya fara haɗuwa ta gabas, yawancin tambayoyin da ke shigo mana daga Damagaram da garuruwan kewaye suka koma kan abu guda: kat-kat ɗin tarakta, wato jan da ƙafafun gaba ke yi tare da na baya. Mun zaɓi wasu daga ciki, mun taƙaita su, ga su da amsoshinsu.

Tambaya daga wani mai tarakta a Miriya: Assalamu alaikum. Na sayi tarakta mai ƙarfin doki 75, mai kat-kat. Direbana ya ce a bar ta a kat-kat kullum, wai haka ta fi ƙarfi. Wata biyar ke nan, tayoyin gaba sun cinye rabi, na baya kuwa kamar jiya aka sa su. Aikinmu na rani jigilar bulo da taki ne tsakanin Miriya da Damagaram. Laifin taya ne ko na tuƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tayoyinka ba su da laifi. Kwalta ce ta cinye su, kuma barin kat-kat a kan kwalta ne ya jawo.

Ga yadda abin yake. Da zarar an sa kat-kat, ƙafafun gaba da na baya sun ɗauru da juna ta haƙoran giya da farfela, sandar nan da ta bi ƙarƙashin injin ta kai juyi aksul ɗin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun gaba biyu. Babu wani abu a tsakani da zai bar ɗaya ta yi gaba ɗaya ta jira. Su kuma masu ƙera tarakta da gangan suke sa ƙafafun gaba su ɗan fi na baya sauri, da kashi 1 zuwa 5 cikin 100, don gaba ta riƙa ja, kada baya ta riƙa tunkuɗa ta, sitiyari kuma ya riƙa jin magana. A gona wannan ɗan bambanci ba ya damun kowa, don ƙasa tana ba da kai, ta ɗan zame a ƙarƙashin tayar. Kwalta ba ta ba da kai. To ko dai roba ta gogu, ko ƙarfe ya murɗe.

Mu yi lissafi da hanyar da kuke bi. A ce gaban taraktarka ya fi baya da kashi 2 kacal. A kowace kilomita tayoyin gaba suna son su wuce na baya da mita 20, ba su da halin wucewa, sai su darje mita ashirin ɗin nan a kan kwalta. Daga Miriya zuwa Damagaram kusan kilomita 20 ne, mita 400 ke nan na darza a zuwa, wasu 400 a komowa, da lodin bulo a baya, cikin zafin bazara da kwalta ke ƙona tafin ƙafa. Ka ninka wannan da sawun wata biyar. In kana son ka gani da idonka, ka tare taraktar da ta dawo daga hanya, ka ɗora hannu a tayar gaba: za ka ji ta fi ta baya zafi. Ka shafa haƙoranta, za ka tarar gefe guda ya zaftare ya yi kaifi kamar bakin wuƙa, ɗayan gefen yana nan. Taya ma da sauƙi, ita ce ake gani. Abin da ba a gani shi ne kuros ɗin farfela, wato mahaɗinta, da haƙoran cikin aksul, da boris ɗin ƙafafu, duk suna shan wannan murɗiya a ɓoye, kuma kuɗin gyaransu ya fi na taya nesa ba kusa ba.

Abin da za ka gaya wa direbanka abu biyu ne zai duba kafin ya taɓa sandar sa kat-kat: ƙasar da yake kai, da abin da yake ja. In ƙasa mai laushi ce kuma jan mai nauyi ne, ya sa. Nan ne garma, da haro, da huɗa, da aiki a fadama, da ratsa rairayi da tirela, da aikin bokitin gaba, don idan bokiti ya cika nauyi yana komawa gaba, ƙafafun baya su yi sakayau su kasa kama ƙasa. In ƙasa ta daskare, ya cire: kwalta, jar hanya busasshiya, daɓen siminti, fako, da kan fa irin na kewayen Damagaram. Aikin da ba shi da nauyi kuwa, kamar shuka da feshi, ƙafafun baya sun isa, sai fa in ya ga sun fara zamewa.

Sa ta ma da ladabinsa. In mai sanda ce, ya tsaya ko ya yi tafiyar hawainiya, ya taka kuloci, ƙafafun gaba a miƙe, sannan ya tura. In mai maɓalli ce, ana iya sa ta ana tafiya. Amma ko wace iri ce, kada ya kuskura ya sa ta lokacin da ƙafafun baya ke juyawa a banza na gaba suna tsaye. Ƙarfen da ke gudu ne zai haɗu da wanda ke tsaye, kuma wannan ƙarar “ƙarrr” da ake ji, bakin haƙora ne ke karyewa.

Tambaya daga wani direba a Tanut: Maigidana ya hana ni sa kat-kat ko a gona, ya ce shan gazuwal take ƙarawa. Ni kuma ina gani in na sa ta aiki ya fi sauri. Ku raba mu.

Amsa: Malam, a kan hanya maigidanka ya fi ka gaskiya. A gona, garma a ƙasa, kai ne da gaskiya. Amma gani ya kori ji, kuma awon da zai raba ku ba ya cin rabin awa.

Abin da ke cinye gazuwal a gona shi ne zamewa: taya ta juya, tarakta ba ta ci ƙasar da ta kamata ba. Ku samu alli ko fenti, da turaku biyu, da igiyar awo. Ku yi babbar alama a gefen tayar baya. Da farko ka ɗaga garma sama, ka yi tafiya a kan gonar da ba a nome ba, wani yana bin ka a gefe, nesa da ƙafa, yana ƙirga juyin alamar. Ya kafa turke inda alamar ta fara taɓa ƙasa, ya kafa na biyu inda ta cika juyi 10. Da taya mai lamba 18.4-30 za ku samu wajen mita 46. Sai ka sauke garma zuwa zurfin da kake noma, ka maimaita da giyar da ka saba, ba kat-kat. Sannan ka sake, da kat-kat. A ce ba kat-kat kun samu mita 35: an rasa 11 cikin 46, kusan kashi 24 cikin 100 ke nan, wato kusan juyi ɗaya cikin huɗu na banza ne, an ƙona masa mai, an goge masa taya, an biya ka lokacinsa. A ce da kat-kat kun samu mita 41: zamewa ta sauko wajen kashi 11. Maigida ya tsaya a gona ya ga turakun nan da kansa, ba sai kun yi gardama ba.

Abin da ake so, tarakta mai jan baya kaɗai ta riƙa zamewa kashi 10 zuwa 15, mai kat-kat kuma 8 zuwa 12. Kada ka nemi ta daina zamewa ɗungurungum. In ba ta zamewa ko kaɗan, ta yi nauyi fiye da kima, tana danne ƙasa, kuma duk wani fizgi na garma a kan giya yake ƙarewa. Sawun tayar ma yana faɗa maka: in zanen haƙora ya fito raɗau bai motsa ba, nauyi ya yi yawa. In ya goge gaba ɗaya ya zama ƙasa burgujajjiya, zamewa ta yi yawa. Wanda ake so, ana ganin zanen amma ya ɗan farfashe.

Sai dai kat-kat ba ta ja sai gaba na da nauyi. Tarakta mai kat-kat tana son kashi 35 zuwa 40 na nauyinta ya zauna a kan ƙafafun gaba. In ka rataya garma mai faifai uku ko huɗu a baya, kuma an kwashe ƙarafan nauyi na gaba an ajiye a gida, tayoyin gaba shafar ƙasa kawai suke yi. Mayar da su. A baya kuma ana iya ɗura wa tayoyi ruwa: a juya taya bawul ya koma sama, a ɗura har ruwa ya kai bakin bawul, kashi uku cikin huɗu ke nan, a bar sauran wa iska. Mu nan ba mu da sanyin da zai daskarar da shi, ruwa zalla ya isa. Ka kuma kula da masu faci, da yawansu sun saba da tayar babbar mota, sai su cika wa tarakta iska ta yi tauri kamar dutse. Iskar tayar baya a gona yawanci tsakanin bar 1 ne zuwa 1.4 a ma'aunin iska, gwargwadon nauyin da ta ɗauka. In ta wuce haka sosai tsakiyarta kaɗai ke taka ƙasa, sai ta haƙa rami a rairayi. In ta yi ƙasa sosai kuma, sai ta zame a kan ƙarfenta ta tsinke bawul ɗin tub.

Wata magana da ba ka tambaya ba, amma tana damunmu. Samun kat-kat ba izini ba ne na luma garma har iya ƙarfinta a jigawa. Ƙasar hatsi mai rairayi ɗan abin da ke gare ta na albarka a sama yake. In aka birkice ta da zurfi aka bar ta tsirara, iskar farkon damina ce za ta kwashe ta, ta kuma bizne shukar maƙwabci. Santimita 10 zuwa 15 sun wadatar a irin wannan ƙasa. Ƙarfin a ajiye shi don laka da ƙasa mai tauri.

Tambaya daga wani ɗan koyo a Magarya: In mun fito daga gona sandar kat-kat takan ƙi fita, sai mun buga ta da guduma. Taraktar maƙwabcinmu kuma mai maɓalli ce, fitilar kat-kat ɗinta takan kama da kanta in an taka birki. Duka biyun lalacewa ce?

Amsa: Samari, ajiye gudumar nan tun ba ta karya muku cokalin da ke tura haƙoran ba. Sandar ba ta lalace ba, murɗiyar nan ce da muka faɗa wa Alhaji na Miriya ta matse haƙoran, suka cije juna. Ka tsaya, ka sa giyar baya, ka ja da baya mita uku zuwa biyar a miƙe, hannunka a kan sandar kana ɗan danna ta a hankali. Za ka ji ta saki da kanta. Dabarar da ta fi wannan, ka cire ta tun kana kan ƙasa mai laushi, kafin ƙafafun su hau hanya.

Ta maƙwabcinku ma lafiyarta lau. Yawancin taraktoci birkinsu a ƙafafun baya kaɗai yake, don haka a masu maɓalli da dama, in aka taka birki biyu tare, kat-kat na shiga da kanta don ƙafa huɗu su riƙe. Abin da ya kamata ya sani shi ne, a irin waɗannan taraktoci da yawa, sifirin, wato ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo, shi ne ke sa kat-kat, ƙarfin man haidirolik ne ke cire ta. Saboda haka in fis ya ƙone, ko kara ya tsinke wayar da ke ƙarƙashi, ko ɓera ya ci ta, ko mai ya yi ƙasa, ko matatar mai ta toshe, sai ta zauna a kat-kat ko da maɓalli yana kashe, mai ita bai sani ba yana ta yawo a kwalta. In ya ji tana ƙin juyawa a kwana tana ɗan tsalle, ya fara duba fis da waya kafin ya kira a buɗe masa giya.

Wannan kuma ka riƙe shi da kyau tunda kana koyon aiki: kada ka taɓa ɗaga ƙafar baya da jak ka tada injin ka sa giya, da zaton tayar da ke sama ce kaɗai za ta juya. In kat-kat na ciki, ƙafafun gaba za su ja taraktar ta sauko daga jak, a kan duk wanda ke ƙarƙashi.

Tambaya daga wani manomi a Matamaye: Tayoyin gabana 12.4-24 ne, na baya 18.4-30. Kututturen gawo ya yaga mini ɗaya. Na samu 11.2-24 da sauƙin kuɗi, mai sayarwa ya ce tunda duka 24 ne za ta hau. In saya?

Amsa: Hawa za ta hau, Malam, don 24 ɗin girman ƙarfen ƙafa ne. Amma kada ka saya. Tayar 11.2-24 ta gaza 12.4-24 tsayi da santimita 5 zuwa 6, kusan kashi 5 cikin 100. In ka sa guda ɗaya, ƙafar hagu da ta dama sun bambanta, haƙoran tsakiyar aksul ba za su huta ba ko kana tafiya a miƙe. In ka sa biyu, ɗan fifikon saurin da gaba ke da shi ya tafi, ya ma koma ragi: gaba ta zama birki, baya na tunkuɗa ta, mai na ƙonewa a faɗan da ke tsakaninsu. In ka hau sama kuma ka sa 13.6-24, fifikon ya wuce iyaka, tayar ta cinye da wuri. Lambar da aka ƙera taraktar da ita, ita za ka nema, kuma in hali ya yi a canza biyun tare, iri ɗaya. Ko lamba ɗaya ce, sabuwa a gaba da tsohuwar da ta cinye a baya suna ƙara fifikon, tsohuwa a gaba da sabuwa a baya suna rage shi.

Ana iya auna wannan fifiko a gida. Ka yi alama a tayar gaba da ta baya, ka samu wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri. Ka cire kat-kat, ka yi tafiya a hankali har tayar baya ta cika juyi 10, wani yana ƙirga juyin ta gaba har da ɓurɓushinsa, ta hanyar ƙirga haƙoran da suka wuce alamar. A ce an samu 13.3. Ka sa kat-kat ka maimaita, a ce an samu 13.6. Bambancin 0.3 ne, a raba shi da 13.3, ya ba da kashi 2 da ɗoriya cikin 100, lafiya ke nan. In na biyun ya gaza na farko, ko bambancin ya haura kashi 5, akwai gyara a taya ko a iska.

Wajen ɗaurawa ka duba kibiyar da ke gefen tayar, ta fuskanci inda ake tafiya. In aka juya ta, haƙoran tara laka za su yi maimakon su watsar da ita. Gonakin wajenku da na Magarya kuwa cike suke da gawo da ƴan itatuwan da manoma ke raino, abin alheri ne, kada a ce za a tumɓuke su don tarakta. A bi gona da ƙafa kafin noma, a kafa kara mai tsumma a kan kowane kututture da kowane ɗan itace, direba ya gani daga nesa.

Tambaya daga wani mai noman rake a Gidimuni: Bara tarakta ta kafe mana a fadama duk da tana kat-kat, muka kwana biyu muna haƙa. Mene ne amfaninta ke nan? Kuma mene ne aikin abin takawar nan da ke wajen diddigen dama?

Amsa: Malam, kat-kat tana hana kafewa ne in an sa ta kafin a shiga. In ciki ya riga ya zauna a ƙasa, ƙafa huɗun ramuka huɗu kawai za su haƙa. Fadamun wajenku da na Korama ruwansu a kusa yake, sama ta bushe ta yi ɓawo, ƙasa kuwa taɓo ne. A bi wurin da sanda tukuna, inda ta lume da sauƙi a kauce masa.

Da ka ji ƙafafu sun fara juyawa tarakta ba ta gaba, taka kuloci nan take. Yawancin kafewar kwana biyu a cikin minti guda na ƙara wuta ake yin ta. Ɗaga garma. In tirela ce, kwance ta. Sa giyar baya mafi ƙanƙanta, injin a hankali, ka koma ta sawun da ka shigo, don nan ne ka tabbata ƙasa ta ɗauke ka. In ta ƙi, a haƙe bayan ƙafafun huɗu a yi musu gangare, a shimfiɗa rassa da karare da duwatsu.

Abin takawar da ka tambaya makullin ƙafafun baya ne. Kat-kat gaba da baya take haɗawa, shi kuma hagu da dama yake ɗaurewa, don kada ƙafar da ke cikin taɓo ta yi ta juyawa ita kaɗai, ta kan tudu tana tsaye. Ana taka shi ne ƙafafu na tsaye ko suna juyi a hankali, ana tafiya a miƙe, a sake shi kafin a karya kwana. In aka manta shi a ciki tarakta ba ta jin sitiyari, gaba kawai take nufa, ko rijiya ce a gaban. In ya ƙi saki, ɗan taɓa birkin ƙafa ɗaya.

Abu biyu ne muke roƙon kowa ya bari, don suna kashe mutane. Na farko ɗaura gungume a jikin tayar baya: in tayar ta kasa juyawa, taraktar ce ke juyawa a kanta, gaba ya tashi ta kifo baya, kuma cikin daƙiƙa ɗaya da rabi an gama, direba bai ko kai ƙafa kuloci ba. Na biyu ɗaura sarƙa a sama. Wadda za ta ja, a ɗaura mata a ƙarfen ja na ƙasa kaɗai, ba a aksul ba, ba a hannun sama na garma ba. Masu kallo, musamman yara, su ja da baya fiye da tsawon sarƙar.

In an fito, a wanke laka daga ƙafafun gaba, a duba man aksul. In ya yi fari kamar kunu, ruwa ya shiga, a zubar a sa sabo kafin a koma aiki.

Tambaya daga wani mai jigilar hatsi a Gure: Hanyarmu rabi rairayi ce rabi kwalta, ga gangaren ƙorama a tsakani. In yi ta sawa ina cirewa, ba zai lalata ta ba?

Amsa: Don haka aka yi ta, Malam. Sawa da cirewa sau goma a yini bai kai ɓarnar kilomita goma a kwalta ba. Ka sa ta kafin ka shiga rairayi, ka zaɓi giyar da za ta fitar da kai tun daga baki, don canza giya a tsakiyar rairayi tsayawa ce, tsayawa kuma kafewa ce. A gangare ma ka sa ta tun daga sama, ka sauka da giyar da za ka iya hawa da ita, kada ka taka kuloci, kada ka sa furi. Da kat-kat a ciki, riƙon injin yana kaiwa ƙafa huɗu, tirela ba ta samun damar tunkuɗe bayan taraktar gefe. Kafin ka hau hanya ka haɗa birkin hagu da na dama da ɗan ƙarfensu, don taka guda ɗaya cikin gudu yana juyar da tarakta ta kife. Amma ka sani kat-kat ba ta mayar da ƙaramar tarakta babba. Tirelar da lodinta ya fi taraktar nauyi tana bukatar birkin kanta, in babu a rage buhuna a yi sawu biyu.

Tambaya daga Dungas: In muna sussuka da injin da tarakta ke juyawa, a sa kat-kat don ƙarin ƙarfi?

Amsa: A'a. Tarakta na tsaye, kat-kat ba ta da aiki, kuma ba ta ƙara wa injin ko doki ɗaya. Ku ja birkin hannu, ku sa wa ƙafafu duwatsu, ku riƙe wuta a inda allo ya nuna juyi 540, ku tabbata sandar da ke juya injin tana da murfinta, kada mai babbar riga ko gyale ya matso ta.

Tambaya daga shugabar wata ƙungiyar mata manoma a Damagaram: Mun tara kuɗi za mu sayi tarakta ta hannu, wadda aka riga aka yi aiki da ita. Mai kat-kat ta fi tsada sosai. Ta cancanci kuɗinta? Kuma yaya za mu gane kat-kat ɗin na aiki?

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka a wannan tari. Ku zauna ku ƙirga aikin da za ta yi muku a shekara. In mafi yawansa sussuka ne, da jigila a kan hanya mai kyau, da haro mara zurfi, mai jan baya kaɗai mai lafiya ta ishe ku, gyaranta ya fi sauƙi, tayoyin gabanta sun fi araha, rarar kuɗin ku sayi tirela ko injin sussuka. In kuwa za ku shiga fadama, ko ƙauyukan da sai an ratsa rairayi, ko za ku yi wa mutane noman haya a ƴan kwanakin nan na farkon damina da kowa ke rububi, mai kat-kat ta cancanci kuɗinta. A ganinmu lafiyayyar mai jan baya ta fi mai kat-kat ɗin da gabanta ya gaji, don gyaran aksul ɗin gaba yana iya cinye ribar damina guda.

Ranar dubawa ku tafi da makanikin da kuka yarda da shi, ba na mai sayarwa ba. Ya fara leƙa ƙarƙashi ya ga farfelar tana nan, don akwai masu cire ta in gaba ya lalace, su bar murfin a rufe. Sannan a kashe injin, a ja birkin hannu, a sa wa ƙafafun baya duwatsu, a sa kat-kat, a ɗaga ƙafar gaba guda ɗaya da jak, a gwada juya ta da hannu. Ya kamata ta ɗan motsa kaɗan ta cije. In ta yi ta juyawa sakaka, wani abu ya cinye ko ya karye a ciki. Tun tana sama ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza: in tana ƙwas-ƙwas, boris ko fil ɗin da ƙafar ke juyawa a kai ya ci. Ya duba bayan ƙafafun, in akwai danshin mai da ƙura ta manne a kai, robar da ke tare mai ta mutu, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: inda mai ya fita, nan rairayi ya shiga. Ya juya ƙafar har murfin mai ya daidaita a gefe, ba sama ba ba ƙasa ba, ya buɗe. Mai ya kamata ya kai bakin ramin. Ya lakato shi da yatsa ya murza a rana, in yana ƙyalli da garin ƙarfe, haƙora ne ke narkewa.

Daga nan ku nemi a kai ta gona a sa mata garma, ku tsaya a gefe ku kalli ƙafafun gaba: in kat-kat na aiki za ku ga suna tona ƙasa suna watso ta baya kamar na bayan. In kun saya, ku sa a canza man aksul da na ƙafafun biyu a makon farko da irin man da littafinta ya faɗa, ku rubuta awar da allo ya nuna a ranar, direba kuma ya riƙa bin kuros da fil-fil ɗin gaba da giris duk bayan awa 50, kullum in ana aiki a ruwa ko laka.